Gidanka Ya Sake Yin Jakada

Assalamu alaikum Alhaji,

Na san ba karantawa za ka yi ba. Ko kana raye ma dariya za ka yi wa rubutun nan nawa na yaƙi da jahilci. To ka yi haƙuri da shi.

Garinmu Kademi lafiya lau. Gero ya yi kyau bana. Littattafan da ka rubuta kan zaman ƙasa da ƙasa suna nan, gara ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ita ma ta ga sun yi mata nauyi.

Ga labarin. Jikarka Hafsatu, wadda kake tsokana da amarya, ta samu aiki irin naka, za a tura ta ƙasar waje. Ƙaninka Sule na Toranke ya ji an ce jakadiya, ya zo a fusace, wai jikar Jakada guda ba za ta zama 'yar aiken gidan sarauta ba. Sai da na yi dariya har da hawaye kafin na warware masa.

Ubanta ne ya ƙi, babban ɗan nan naka mai taurin kai irin nawa. Wai ita ke kwana ɗakina, wa zai duba ni? Ka ji fa, da ni zai fake! Ita kuma sai ramewa take yi.

Ka tuna abin da kake cewa, ba a sulhu da mai jin yunwa, kuma ka bar mutum ya ɗauka shawarar tasa ce? Ka zaci ba na saurare, ko? Na tuƙa wa ɗan naka tuwon dawa da miyar kuka, na bar shi sai da ya suɗe kwano. Sannan na tambaye shi ko wace ƙasa yake ganin za ta fi dacewa da 'yarsa. Yanzu shi ke yawo a kasuwar Gaya yana cika baki wai shi ya ba ta shawara.

Na ƙulla mata daddawa, irin wadda ta gauraye gidanmu a ƙasar sanyin nan ranar da ka tara manyan baƙi. Ka ce na kusa haddasa yaƙi. To wa ya rage miya a kwano?

Kullum mita nake yi maka, sanyi, jirgi, abinci ba yaji. Ban taɓa gaya maka ba, Alhaji, na ji daɗin yawon nan. Ka nuna min teku, ni da ko Wudil ban taɓa wucewa ba.

Jibi za ta tashi. Wataƙila ta dawo ta same ni, wataƙila ni na riga zuwa wajenka. Duk wanda ya zo daidai ne. Ɗakin zai yi shiru, amma ban haifi jika don ta riƙa miƙo min buta ba.

Allah Ya kai haske kabarinka. Sai na iso.

Matarka,
Hajiya Tabawa, mai daddawa