Burauza Ba Ta da Ciki

Tungan Maje, Abuja

Zuwa ga Yayata Rabi'atu, a Kumasi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da yara duka. Yaya ƙafar nan taki da ta matsa miki da damina? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ce. Mu nan sai godiya. Mashkura ta shiga aji uku na ƙaramar sakandare, ta yi tsawo har ta wuce ni, kuma bakin nan naki ta ɗauko, ba a faɗa mata ɗaya ba ta mayar da biyu ba. Ni kuma na karɓi hutu daga makarantar da nake koyarwa. Na san za ki yi mamakin ganin takarda a hannun Malam Ilyasu direba alhali ga waya. Abin da zan faɗa miki ba ya faɗuwa a waya, don ɗakinmu da falo bango ɗaya ya raba su, mai jinya kuwa ya fi kowa kunne. Ban da haka ma, ni da waya yanzu mun ɓata.

Yaya, duk sanda kika kira kika tambayi jikin Baban Mashkura nakan ce miki da sauƙi, don haka aka koya mana. Babu sauƙi. Ciwon daji ne a hanta, kuma ya yi nisa. Ranar da sakamakon gwaji ya fito, likita ya bar shi a kwance ya kira ni ofis tare da wansa, Yaya Datti. Ya ce a nan sun kai iyakar abin da za su iya, amma akwai asibitoci a Indiya da kan yi wani aiki ya tsayar da ciwon na ɗan lokaci, wataƙila shekara, wataƙila fiye, bai dai yi mana alkawari ba. Tun a bakin ƙofar asibiti Yaya Datti ya yanke hukunci cewa kada a gaya masa. Ya ce a gidansu ba a sanar da marar lafiya irin wannan magana, tsoro kan kashe mutum kafin cuta ta kashe shi, haka suka yi wa mahaifinsu har ya cika yana lissafin noman baɗi. Sai muka ce masa ciwon hanta ne irin na kowa, wanda Indiyawa suka ƙware a kai. Ya yarda, har yana zolayata wai zai dawo mini yana waƙa yana zagaya bishiya. Kuɗi ba su ne matsala ba. Kin san yadda Abuja take a shekarun nan, ko'ina gini ake, tayil ɗin da yake sayarwa a Dei-Dei ba ya kwana a shago. Aka yi fasfo, aka shiga neman biza, ni kuwa na ɗora burina duka a kan tafiyar nan.

To bari in gaya miki abin da ya rushe mana shiri, kuma kada ki yi dariya. Bara ya sayi babbar waya irin wadda ake shiga intanet da ita. A cikinta akwai wata aba da ake kira burauza, ita ce ƙofar shiga: ki rubuta abin da kike nema, ta ɗauko miki shafinsa. Ke da har yau sai ɗanki Sadisu ya karanta miki saƙon waya, na san wannan tatsuniya ce a wurinki. Ni kam na so ta, ba zan ɓoye ba. Ba ta cin kati, kuma a unguwar nan tamu da sabis yake zuwa sanda ya ga dama, takan lallaɓa ta buɗe shafi ko da ɗigo ɗaya ya rage. A fuskarta akwai 'yan akwatuna inda ya jera abubuwansa, labaran duniya da ƙwallo da farashin dala, da ya taɓa sai su buɗe. Da ita nake samo wa 'yan ajina darasin lissafi, da ita muka zaɓi ɗinkin sallar Mashkura. Tana iya riƙe shafuka da yawa a lokaci guda, ki bar wannan ki leƙa wancan. Ko caji ya ƙare waya ta mutu, da an kunna sai ta mayar da ke daidai inda kika tsaya, na sha sa mata albarka a kan wannan. Aibinta a lokacin ƙanana ne a idona. Hoto kan fito dishi-dishi, wani shafin ta hargitsa shi kamar kayan gwanjo, in aka zo cike takardar biza kuwa sai ta ƙi sam, dole a hau mota zuwa kafe, wato shagon intanet, a Zuba. Na ɗauka iyakar halinta ke nan.

Da aka faɗa mana sunan ciwon sai na koma mata. Bayan azahar, idan magani ya sa shi barci, nakan ɗauki wayar in zauna a ƙofar kicin. Maƙwabciyarmu Catherine, wadda nas ce, ita ta rubuta mini sunan ciwon da Turanci. Ta ja mini kunne da Hausarta ta Abuja cewa abin nan ba likita ba ne, kada in karanta da yawa, ta kuma nuna mini yadda zan rufe shafukan ɗaya bayan ɗaya in na gama. Rufewar na kiyaye, gargaɗin ne ban ji ba. A nan ma burauza ta yi mini rana, don ita ta nemo mana asibitin da muka zaɓa, na ga gadajensu da likitocinsu, na rubuta musu suka amsa. Amma ba ta san kara ba. Ki tambaye ta magani, sai ta haɗa miki da abin da ba ki tambaya ba: yadda ciki zai kumbura, yadda ido zai yi rawaya, watanni nawa akasarin masu ciwon kan yi. Likitanmu da ya zo wannan gaɓar sai da ya cire tabarau ya ambaci Allah. Ita kuwa da irin harafin da take rubuta sakamakon ƙwallo, da shi take rubuta wannan. Na sha kuka a ƙofar kicin ɗin nan, in wanke fuska in shiga in tambaye shi ko zai sha kunu.

Ranar Talatar da ta wuce mun kwana mun yini babu wuta. Ina cikin karatu caji ya ƙare, wayar ta mutu a hannuna shafukan suna buɗe. Na san halinta sarai, don haka na ce ni zan fara kunna ta in wuta ta dawo, wutarmu kuwa ba ta saba dawowa kafin magariba ba. Na ajiye ta a kan firji na tafi Zuba sayo magani. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, Yaya. Ina fita aka kawo wuta, kuma ranar ce ya tashi da ƙarfin jikin da ya daɗe bai samu ba. Mutumin da sai an kama shi yake zuwa banɗaki, shi ya taso da ƙafarsa ya jona waya, wai zai ga yadda ƙungiyarsa ta yi. Da na dawo na same shi zaune a kan tabarma a falo, fanka tana juyawa, tabarau a idonsa. Kin san ya fi ni Turanci. Shafin da ke sama shi ne mai maganar watanni, a ƙarƙashinsa kuma ga saƙon asibitin Indiya mai ɗauke da sunansa da shekarunsa, don haka ba ni da bakin cewa ciwon wani nake dubawa. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni tun yaushe na sani, na faɗa masa. Sai ya ce ashe na sha wahala ni kaɗai. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari ya sa aka kira Yaya Datti ya ce ya fasa Indiya. Yaya Datti ya huce a kaina, ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na ce masa ni cikina ya riƙe, abar da ƙaninsa ya sayo da kuɗinsa ce ba ta da ciki, in yana da faɗa ya je ya yi da ita. Na san ban kyauta ba, amma raina ya riga ya kai wuya. Baban Mashkura ya raba mu, ya ce babu laifin kowa, mun ɓoye don ƙauna, shi kuma ya gani don Allah Ya so ya gani. Ya ce da ya yarda da tafiyar ne don yana zaton zai je ya warke. Yanzu da ya san 'yan watanni za a sayo masa, ba zai je ya kashe su a ɗakin da babu mai jin Hausa ba, a ƙarshe a yi masa wanka a hannun baƙi, ko a maido shi cikin akwati tare da kayan fasinja. Gara ya koma garinsu Ƙanƙara ya zauna kusa da Inna mahaifiyarsa tun tana gane shi yana gane ta.

Babu irin roƙon da ban yi ba. Na durƙusa, na yi kuka, na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da Mashkura. Catherine ta zo ta gaya masa abin da ya karanta lissafin mutane da yawa ne, ba nasa shi kaɗai ba, akwai waɗanda suka wuce shi. Ya yi mata godiya ya sa aka ba ta lemo. Har burauzar na sake komawa, kin ga rashin zuciya, na nemo labaran waɗanda aka yi wa aikin suka yi shekaru. Ta kawo su kuwa cikin sauri, da hotunansu suna murmushi. Ya karanta duka don kada in ji haushi, sannan ya ce abar da ta gaya masa gaskiya ranar da mutane suka ɓoye, ba zai zaɓi mai daɗi kawai a cikin maganarta ba. Ni da na ɗauka na samo abokiyar shawara, ashe irin mutanen nan ce da ke faɗa wa kowa komai, ba ruwanta da wanda ke riƙe da ita ko abin da zai iya ɗauka. Jiya asibitin suka sake aiko saƙo suna tambayar ranar da za mu iso. Ban amsa ba.

Ya riga ya damƙa wa Yaya Datti makullin shago. Ya ce in daina yi masa miya babu gishiri, jiya ma tsire ya nema da yaji, na aika aka sayo, ya ci yanka biyu ya ture. Mashkura ba ta san komai ba tukuna, tana murna za ta ga kakarta, ya ce shi da kansa zai gaya mata in mun isa. Ina addu'a, ban daina ba, na san babu abin da ya gagari Allah. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, Yaya, zuciyata ta mutu, ba na hango komai a gaba. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za mu kama hanya. Ki roƙar mini Alhaji ya bar ki ki zo. Kada ki biyo ta Abuja, ki wuce Ƙanƙara kai tsaye. Kada ki wahalar da kanki da tsaraba, ki dai zo da shirin zama, kuma kada ki jira ƙafar ta gama warkewa.

Ki gaishe mini da Alhaji, da Sadisu, da Kubra da maigidanta, da Ummukulthum 'yar auta, da duk mutanen zango da suka san mu. Mashkura tana gaida ku, ta ce kada a manta da alkawarin atamfarta. Baban Mashkura ya ga ina rubutu ya tambayi ko ke ce, na ce ke ce. Ya ce in gaishe ki da kyau, in kuma roƙa masa gafararki, ke da Alhaji, in akwai abin da ya taɓa yi muku da saninsa ko da rashin sani. Ya ce shi ya yafe muku.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarki,
Muhibba