Na ce mishi ina urjans alhali ina ɗakina

Assalamu alaikum ƴan uwa na wannan gurup, ina gaishe ku manya da yara. Admin don Allah a ɓoye sunana. Ku yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, a hankali nike yi. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni ƴar Damagaram ce, ina zaune a Vaulx-en-Velin kusa da Lyon a Faransa, maigidana ya rasu. Ɗana na fari plonjer ne, wato masu nutso ƙarƙashin teku da butel, wato tukunyar iska, goye a baya. Yana zaune a Bobigny gefen Paris, sosiyete wato kamfanin da yake ma aiki tana Paris, su ke bin masu bincike suna ɗauko musu hoto da abubuwan ƙasan teku. Kun san yadda muke da ɗan fari, ko sunanshi ban taɓa kamawa ba, wannan yaron nike cewa. In ya kira mu gaisa, in ce Allah ya tsare, shi ke nan. Ban taɓa iya buɗe baki in ce mishi ina kewarka ko ina jin tsoron aikin nan ba.

Watan jiya suna aiki a tsibirin Korsika, sai ya turo bidiyo a gurup ɗinmu na gida, yana sauka cikin ruwa yana sauka har haske ya ƙare, sai ƴar fitilar goshinshi. Wata takwas rabona da in sa shi a ido. Ranar tansiyona, wato hawan jini, ta ɗan hau, na sha magani ta sauka. Amma bayan azahar na ɗauki waya na yi mishi vokal, saƙon murya, na ce ina urjans, sashen gaggawa na asibiti, likita ya riƙe ni. Bisa tabarmar sallata nike zaune na faɗi haka, Allah ya yafe mini. Ni dai nufina in sun gama aikin ya biyo ta Lyon ya kwana biyu, in tuƙa mishi tuwo in gan shi.

Abin da ban sani ba, mai nutso in ya fito daga zurfi ba ya hawa jirgin sama sai ya kwana ya yini, wai iskar da ta shiga jininshi a hankali take fita, in ya hau sama sai ta yi kumfa cikin jiki. Shi kam ya san da haka. Patron ɗinshi, shugabanshi na wurin aiki, ma ya hana shi, ya ce ya jira gobe. Ya yi ta kirana ban ɗauka ba, tsoro nike ya ce in ba shi likita su yi magana. Rashin ɗaukar nan shi ya sa ya zaci abin ya yi tsanani, ya kama jirgin yamma zuwa Lyon.

Tun a sama kafaɗa da gwiwoyi suka kama shi, kafin su sauka ƙafafunshi sun mutu. Daga filin jirgi ambilas ta kai shi lopital, wato asibiti. Da aka kira ni na je, na tarar sun sa shi cikin wani ɗaki na ƙarfe kamar tanki, mai ƴar taga zagayayya, wai nan ake fidda iskar nan daga jiki. Yana ganina ya nuna ni, ya haɗa babban yatsa da manuni. Ya taɓa koya mini, a ƙarƙashin ruwa haka suke tambayar juna lafiya lau. Shi ke kwance, ni yake tambaya. Na ɗaga hannu na maida mishi.

Alhamdulillahi yanzu yana takawa, ƙafar hagu ce ba ta gama saki ba, kuma likita bai faɗi ko zai sake nutso ba tukuna. A gidana yake jinya. Ga kuma sosiyete ta kira shi zama ranar Litinin a Paris saboda ya karya doka. Patron ɗin ya ce in ya kawo takardar lopital mai nuna an kwantar da uwarshi, zai tsaya mishi kar a kore shi. Sau biyu yana ce mini, Mama takardar urjans ɗin nan ki duba mini ita. Sau biyu ina buɗe dirowa ina yi kamar ina nema.

Ƙanwata da ke Belleville kaɗai na faɗa ma. Ta ce in ce ta ɓace, wai uwa ba ta tona kanta gaban ɗan fari, ba zai ƙara kallona da daraja ba. Na ce mata nan ba gida ba ne, komi yana cikin ordinater, kwamfutar lopital. Ta ce to ni na sani, da na yi ƙaryar na shawarce ta? Muka rabu ba daɗi. Ga shi kuwa yau da safe yaron ya ce kar in wahalar da kaina, jibi sai mu tafi lopital tare a fiddo wata takardar.

Ƴan uwa yaya zan yi? In na faɗa mishi, Litinin zai tafi hannu wofi, kuma da sanin ni na jawo mishi. In na yi shiru, gaban ma'aikatan lopital zai ji. In zaunar da shi ni kaɗai ne, ko in kira babba cikin dangin babanshi? Akwai amfani in bi shi Paris in faɗa ma patron ɗin gaskiya da bakina? Waɗanda suka san aikin ƙasar nan ku taimake ni. Kuma da wane baki zan fara, ni da ko sunanshi ban iya kira?

Bari in tsaya nan. Yana falo yana jirana da abin awon tansiyo da ya sayo mini, kullum safe da yamma shi ke ɗaura mini shi da hannunshi.