Ranar da Muhsin Sarewa Ya Zo Jimeta

Laraba, 26 ga Maris, 2025

Azumi ya zo ƙarshe, ɗinkin Sallah ya kai ni har wuya. Zafin Jimeta kuwa sai wanda ya gani, ko inuwar barandar Malam Apollos ba ta da sanyi. Shekara goma da wani abu ke nan ina ɗinki a barandar nan, tun ranar da ya tsince ni a bakin hanyar Damare da kan keke a buhu, ya ce in zauna "kafin gari ya lafa". Har yau garin yana ta lafawa.

Yau ma ya tayar da maganar noti. Ban taɓa ɗaure kan keken a jikin tebur ba. Ɗora shi nake in tokare da tsumma, da yamma in sauke in mayar buhu in tafi da shi gida. Haka na fito da shi daga Gulak, haka zai koma. Ya ce, "Tela, keken nan yana rawa kamar ya sha burkutu. Ka sa masa noti mana." Na ce in harbi ya tashi, wa zai tsaya neman sifana? Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Na gama magana da Ishmael direba. Zai yi lodi zuwa Gulak Litinin ta biyu bayan Sallah, akwai wurin mutum biyu. Ba na son a binne ni ina baƙo.

Juma'a, 28 ga Maris

Na gaya wa 'yata Naziha maganar tafiyar bayan shan ruwa. Ita kuma ashe tana riƙe da nata labarin tun shekaranjiya: ta samu gurbi a makarantar jinya a Yola, bayan Sallah za a fara.

Na ce ai can ma akwai asibiti. Ta ce, "Baba, asibiti daban, makaranta daban." Gaskiyarta. Amma ba zan bar ta ita kaɗai ba, uwarta a hannuna ta bar ta. Ko mu tafi tare, ko mu zauna tare.

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi min sauƙi. Tashi ta yi ta sake wanke kwanonin da ta riga ta wanke.

Lahadi, 30 ga Maris

Sallah. Kowa ya sa sabon kaya, ban da mai ɗinka su.

Talata, 1 ga Afrilu

An lilliƙa hotonsa a kowane bango daga kasuwa har bakin gada. Mawaƙi Muhsin Sarewa, ranar Asabar, a filin ƙwallo. Ya yi ƙiba. Ya sa baƙin tabarau kamar mai ciwon ido.

A shagona na Gulak ba wanda ake ji sai shi. Rikodar tana kan taga, kusa da gwangwanin maɓallai. Matata Hansai takan kawo min abinci da rana, ta ajiye kwano, ta ce sai na mayar da "Bar Min Fitila" farko kafin ta tafi. In ce mata mutane na jiran kayansu, ta ce su jira. Ba ta iya waƙa ba, Allah ya jiƙanta, muryarta kamar ana jan kujera, amma kowane baiti yana bakinta. Daren da muka hau dutse muna gudu ma, ita ta riƙa raɗa wa Naziha waƙar a kunne don kada ta yi kuka a ji mu.

Zazzaɓi ya ɗauke ta a sansanin Damare kafin damina ta gama ɗaukewa. Tun daga nan, ko a keke mai ƙafa uku aka sa waƙar, sauka nake in ƙarasa da ƙafa.

Shi ne yau yarinyar nan ta ajiye min tikiti biyu a kan teburin ɗinki. Ashe ƙafar wandunan da take ninke wa matasan unguwa duk watan nan, na wannan ne. Na ce ni da furfurata in shiga cikin masu tsukakken wando? Ta ce, "In dai tafiyar ce, ka raka ni wannan ɗaya. Ba zan sake roƙon komai ba."

Haka Hansai take yi. Ta faɗi magana a hankali, ta bar ka da ita.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Na wanke hulata na ɗora a kan ƙwarya. Dama ta yi datti.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Jiya ban iya rubuta komai ba.

Mun isa bayan la'asar. An laluba kowa a ƙofa, har hulata sai da suka leƙa. Naziha ta ji haushi, ni kuwa na yi musu sannu da aiki. Mutane kamar ƙasa. Ban san Jimeta tana da yara haka ba. Na tsaya ina neman inda ƙofofin fita suke, sai da na gano su hankalina ya kwanta.

Ya shanya mu sosai kafin ya fito. Da ya fito kuma, kiɗan inji, bugu kamar ana sussukar gero a ƙirjin mutum. Sabbin waƙoƙinsa ban gane ko ɗaya ba, rabi Turanci, rabi ihu. Na ce a raina kuɗi ya lalata yaron nan. Ga wasu 'yan rawa a bayansa, rigunan duk ɗinkin banza, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya.

Amma in faɗi gaskiya. Can ya ɗaga hannu aka kashe injin, ya cire tabarau, ya ce wannan ta iyayenku ce. Ya fara "Bar Min Fitila" da murya zalla. Muryar tana nan. Ta ɗan dushe, amma ita ce. Sai ga ni a Gulak: ƙanshin dalbejiyar ƙofar shago, inuwar dutsen da yamma, kwanon Hansai da faifai a kai. Ban san bakina yana motsi ba sai da na ji Naziha tana yi tare da ni. Har wurin da uwarta take kuskure, ita ma nan take kuskure. Ashe tana riƙe da waƙar duk shekarun nan, ba ta taɓa yi a gabana ba.

Daga nan ya shiga kiran garuruwa, yadda suke yi, kowa ya amsa nasa. Mubi, aka amsa. Michika, aka amsa. Da ya ce Gulak na ɗaga hannu na yi ihu iya ƙarfina, na ji wasu tsiraru can nesa. Na waiwaya, Naziha tana murmushi tana kallona, hannunta a ƙasa. Da ya ce Jimeta, ta yi tsalle har mayafinta ya zame.

Na ji zafin wannan. Ba zan ɓoye ba.

Magariba ta wuce, duhu ya fara, ya ce ga kyautarsa ta ƙarshe. Sai ƙara. Dum! Wata ta biyo, wata ta biyo.

Ban yi shawara da kowa ba. Na tsinci kaina rub da ciki, bakina cike da ƙasa, hannuna yana lalubar ƙafar Naziha in jawo ta. Ta tsakanin ƙafafun mutane na hango wasu kwance kamar ni, nan ɗaya, can biyu, duk masu furfura. Kusa da ni wata dattijuwa ce, ta dafe kai da hannu biyu, sarƙar gicciye na lilo a wuyanta. Muka haɗa ido.

Ta ce, "Daga ina?"

Na ce Gulak.

Ta ce, "Michika. Rhoda." Sai dariya ta kama mu, muna kwance, hawaye na zuba.

Naziha ta sunkuyo. "Baba, wasan wuta ne fa! Tashi ka gani, ga kore can!" Ta kama hannuna. Ta ɗaga ni tsaye. Ita ko gezau. Duk yaran nan a tsaye suke, fuska a sama, baki buɗe. Wasu samari sun yi mana dariya. Ban ga laifinsu ba.

Muna kaɗe jiki na ce wa Rhoda jibi zan koma gida. Ta ce bara ita ma ta je gida da jikanta. "Lafiya lau, Malam, ana noma, kasuwa na ci. Ba zan ce maka kada ka je ba. Amma kafin mu dawo yaron ya koyi kwana da takalmi a ƙafa, kuma ba wanda ya koya masa."

A hanya na tambayi Naziha, ba ki ji tsoro ba? Ta ce, "Tsoron me?"

Ita da na ɗauko a kafaɗa daga kan dutse. Tsoron me.

Lahadi, da yamma

Apollos ya dawo daga coci ya same ni a baranda. Labari ya riga ni. "Tela, an ce ka yi sujada a wurin rawa. Liman ya sani?" Na ce gara ni, kai da ko akuya ta yi atishawa sai ka kira sunan Yesu. Ya zauna yana fifita da littafin waƙoƙinsa. Can ya ce, "Naziha ya ce min gobe ne." Haka yake ce mata "ya" kamar namiji, shekara goma na kasa gyara masa. Na ce gobe ne.

Ya miƙe. Ya shiga ciki, ya fito da sifana, ya ajiye a gefen tebur, wai wurin ajiyarta ke nan dama.

Litinin, 7 ga Afrilu

Ishmael ya zo da safe yana ta danna oda. Na fita na ba shi haƙuri, na ce akwai ɗinkin mutane da ban gama ba. Ba ƙarya na yi ba. Makarantar tana son farar riga, kuma ba zan bari wani ya ɗinka mata kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya ba. Ya ce yana lodi kowane wata. Na ce na sani.

Farin yadi ba ya son keke mai rawa, layi yakan karkace, kowa ya gani. Shi ya sa na ɗaure notin. Ba wani abu ba.

Da yamma na shimfiɗa buhu, na kai hannu in sauke kan kamar kullum, ya ƙi tasowa. Na manta. Sai da na kira Apollos muka kama teburin tare muka shigar falonsa, yana ta mitar bayansa, wai yanzu kullum sai mutum biyu. Na ce kai ka jawo.

Na taho gida hannu wofi. Wani mai shayi a kwana ya sa waƙar. Ban canza hanya ba, takalmina ne ya dame ni na ɗan tsaya.