Sauraro a Bayan Katangar Makaranta

Alƙahira, Asabar

Zuwa ga Yaya Widad,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ɗiyata Shahd. Yaya zaman garin Kasala?

Ina mai alfaharin sanar da ke cewa kwamitin binciken da kika naɗa, wato ni kaɗai, ya kammala aikinsa. A nan takardar hayar gida ce ke yanke makarantar gwamnatin da yaro zai shiga. Titi ɗaya ya raba unguwarmu da ta maƙwabta, kowacce da makarantarta. Tunda yaƙi ya raba Shahd da aji shekara biyu, ban ɗauki lamarin da wasa ba.

Na bi tafarkin marigayi Baba. Kin tuna yadda yakan tsaya bayan katangar makarantarmu a Mai Wurno, ya riƙe igiyar jakinsa, ya kasa kunne? In karatunmu ya kai bakin kogi, sai ya ce malamai na aiki. In ya ji shiru, ran nan sai hedimasta ya sha tambaya. Har yau ina jin ƙamshin waken da kike rabawa da ni a ƙarƙashin dalbejiyar makaranta.

Safiya uku na yi ina sauraro. Karatun makarantar unguwarmu har girgiza tagogi yake yi. Ta tsallaken titi kuwa shiru kamar asibiti. Gobe zan kama mana gida a nan.

Ƙaninki mai zurfin nazari,
Munzir

Alƙahira, Laraba

Yaya Widad,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sa kun tashi lafiya.

Kwamiti ya sauka daga muƙaminsa cikin ladabi. Ina hanyar sa hannu a takardar haya na haɗu da Fatna, maƙwabciyarmu 'yar Sinnar mai sayar da gurasar kisra. Da na bayyana mata hujjata, sai ta yi dariya har ta zauna a matakala, sannan ta ja ni cikin makarantar unguwarmu. Ashe lasifika ce a saman rufi. Yaran kuwa huɗu a benci ɗaya, na baya ba sa hango allo. Baba bai taɓa yin gogayya da lantarki ba, Allah ya jiƙansa.

Mun tsallaka titi. Shirun nan na rubutu ne. Na ga littattafan yara cike da gyaran jan biro. Na kama gida a can, hawa na shida, babu lif, ki shirya gwiwoyinki.

Shugabar makarantar ta karɓi sunan Shahd. Ta tambayi ajin da ta tsaya, na ce na biyu. Ta ce ma'alish, sai haƙuri, daga nan za ta ci gaba, tare da yaran da ta girma da shekara biyu. Na yi mata godiya, na fito.

Don Allah ki faɗa wa Shahd tun kuna cikin motar tahowa, a hankali, kada ta fara ji daga bakin yara.

Ina jiran isowarku.

Ƙaninki,
Munzir