Naushi Ɗaya a Kasuwar Shanu

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da addu'ar Allah Ya kai haske kabarinka. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, ba mai kai ta, ba mai karanta maka. Amma na gaji da yi maka magana a cikin raina, shi ya sa na sayi littafin 'yan makaranta na zo rumfarka na zauna ina rubutawa.

Gida lafiya, daidai gwargwado. Inna tana nan da ciwon bayanta, a zaune take salla yanzu. 'Yarka Hauwa ta haihu bayan ƙaramar salla, namiji, an sa masa sunanka, muna ce masa Abba. Naƙudar ta yi mata tsawo, yini guda cur, ta ce abin da ya riƙe ta shi ne ƙirgen da ka koya mata tun tana budurwa: a ja iska ta hanci har huɗu, a sake ta a hankali har takwas. Har ungozomar asibitin ta tambaye ta inda ta koya. Gonarmu ta garin Mamudo ta yi wake bana, gero dai tsutsa ta taɓa shi. Buhunan waken a nan rumfar muka jibge su. Katifun da ake faɗawa a kai gara ta cinye biyu. Buhun yashin da ake koyon naushi a kai yana nan rataye inda ka bar shi, ba wanda ya taɓa.

Mai daɗin ke nan. Sauran ba daɗi.

Baba, na doki mutum. Naushi ɗaya na yi masa, kuma har yau bai koma yadda yake ba.

Ina rubutawa ina jin kunya, don na san wanda nake faɗa wa. Kai da ka fara dambe a cikin mahauta tun kana saurayi, ka yi kokawa, ka tafi Legas ka shekara fiye da goma kana faɗan keji, irin wanda ake haɗa naushi da shuri da kayarwa da shaƙe wuya. Ka dawo da kunnuwa a murɗe, hanci a karkace, da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa sosai. Duk da haka ban taɓa ganin ka ɗaga wa wani hannu a Potiskum ba, ko sau ɗaya.

Da ka kafa rumfar nan a bayan gida, samarin unguwarmu Dogo Nini suka cika ta, kowa yana son ka koya masa yadda ake zubar da ƙato. Sai ka zaunar da mu a ƙasa wata guda muna numfashi. Mu yi gudu mu dawo muna haki, ka ce a rufe baki, ta hanci kaɗai. Ka sa mutum ya kwanta, wani mai nauyi ya danne masa ƙirji, ka tsaya a kansa kana ƙirga masa. Kakan ce tsoro da fushi hanyarsu ɗaya, numfashi suke fara ƙwacewa, idan ya tafi hankali ya bi shi. Ka ce a keji ka ga ƙarti da yawa da ba duka ne ya kayar da su ba, haki ne. Kuma kullum sai ka maimaita mana cewa keji wasa ne, akwai alƙali, akwai katifa, akwai likita a gefe. A titi babu ko ɗaya. Mutum ya faɗi, siminti ne zai tare kansa ko ƙarfe. Don haka kare kai a wurinka shi ne ka lura tun daga nesa, ka tausasa harshe, ka ba da abin da aka nema, in akwai hanya ka gudu. Hannu sai in an rufe maka duk waɗannan.

Mu kuwa gani muke ɓata mana lokaci kake yi. Ni dai na daure har ka kai ni ga naushi da kayarwa, kuma ka sha faɗa wa Inna cewa hannuna ya fi naka nauyi a shekaruna, abin da ke ba ka tsoro ke nan.

Ka tuna ranar babur? Ina da shekara goma sha bakwai. Mun taso daga gona da la'asar sakaliya, kana tuƙi ina baya, mutum uku suka fito daga cikin dawa suka tare hanya. Ɗaya da adda, ɗaya da wuƙa, na ukun ban ga abin da yake riƙe da shi ba. Na ji tsoro, amma wallahi har da murna a cikinsa, don na ce yau zan ga abin da ake ba ni labari. Sai na ji bayanka ya faɗaɗa a ƙirjina, ka ja iska ka sake. Ka kashe babur, ka sauka, ka miƙa makulli da hannu biyu. Har ka gaya musu sai sun ɗan murɗa famfon mai kafin ya tashi.

Da ƙafa muka kamo hanyar gari, kana ɗingishi. Muka yi nisa. Kai ne ka yi magana, ka ce, Adamu, mai addar zan iya da shi, wataƙila har da mai wuƙar, amma na ukun a bayanka yake tsaye, hannunsa cikin riga. Ka ce babur ana sayen wani. Ba ka ƙara ba. Na ji ka, amma maganar ba ta shiga ba.

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Kai 'yan sanda kaɗai ka gaya wa, ka ce an ƙwace babur, shi ke nan. Yadda aka yi kuwa, hannu biyun, da maganar famfon mai, daga ni sai kai muka sani. Ni na kai zancen teburin mai shayi. Ni na tashi tsaye na kwaikwayi yadda ka miƙa makullin, aka yi ta dariya, na yi tare da su. Kafin sati ya zagayo labarin ya gama unguwa, ya shiga kasuwa. Samari suka fara janyewa daga rumfa, aka sa maka Malam Numfashi. Ni ma na daina zuwa, na ce kasuwar shanu ta fi min.

Ka sani, ko ba haka ba? Yaya za a yi ba ka sani ba, mu biyu ne a hanyar? Shekara goma sha biyu muna cin tuwo a kwano ɗaya bayan haka, ba ka taɓa tayar da zancen ba. Me ya sa ba ka mare ni ba ko sau ɗaya? Da ya fi min sauƙi. Na sha shirya maganar da zan yi maka, in zo in tarar kana zaune a rumfa da mutum biyu ko uku da suka rage, sai in ce gobe. Da ciwon zuciyar ya kwantar da kai ina hanyar kudu da shanu. Na iso an dawo daga maƙabarta.

To, ranar wata Laraba a farkon damina, muna lodin tirela a kasuwa. Ka san yadda wurin yake, rana, ihu, shanu suna turjewa, kowa yana so a fara da nasa. Ni ke riƙe da layi. Wani Buba, dillali ne daga Nangere, ya ce na tsallake shanun maigidansa. Ban tsallake ba, amma ba wannan ne zancen ba. Muka yi cacar baki, ya bangaje ni a kafaɗa, sannan ya juya ga mutane ya ce me za a ji tsoro a wurin ɗan wanda ya miƙa makulli da hannu biyu. Aka bushe da dariya.

Ban san lokacin da na matsa ba. Ƙafar hagu gaba, ƙugu ya juya, hannu ya bi, daidai yadda ka gyara min sau ɗari a buhun yashi. Ya same shi a haɓa. Ya tafi da baya, ƙeyarsa ta daki ƙarfen da shanu ke takawa su hau mota. Ƙarar nan, Baba, har yanzu tana kunnena. Ina tsaye a kansa ina haki kamar wanda ya yi gudu daga Mamudo, alhali taku biyu na yi.

Kwana huɗu bai san inda yake ba. Ni kuma kwana tara na yi a hannun 'yan sanda. Ɗakin ƙarami ne, mun fi goma, da rana rufin ya ɗau zafi har bango ba ya taɓuwa. A rana ta biyu wani ɗan sanda ya ce min in yi addu'a, don in mutumin ya cika zance ya canza. Nan ƙirjina ya kulle. Na buɗe baki iska ba ta shiga, hannuwana suka sandare, na tabbata mutuwa zan yi. Na zame na zauna a lungu, na rufe baki, na ja ta hanci ina ƙirgawa. Da farko ko biyu ban kai ba. Na yi ta yi har na kai huɗu, har na kai takwas wajen saki. Rabona da yin haka shekara goma sha huɗu. Ya yi aiki, kamar yadda ka ce zai yi. Sai dai a kasuwa ya kamata in yi shi, ba a can ba.

Buba ya farfaɗo. Bulama, mai unguwarmu, da dattawan kasuwa suka shiga tsakani, Kawu Sale ya yi ta zarya zuwa Nangere da tsufansa, har danginsa suka yarda a gama a gida. Amma hannunsa na hagu ya mutu rabi, ba ya riƙe komai, ƙafar ma jan ta yake yi. Magana tana fita da ƙyar. Likita ya ce wataƙila ya ƙara samun sauƙi, wataƙila iyakarsa ke nan. Dillali da ba ya iya magana da sauri, ina sana'a? Yana da mata da 'ya'ya huɗu.

Duk Juma'a ina zuwa Nangere. Na yi masa noman bana, ni na cire masa wake. Matarsa ba ta amsa gaisuwata, ta ajiye min ruwa ta juya, kuma ban ga laifinta ba. Wata rana na daure na tambaye shi ko ya san ka. Ya daɗe yana haɗa kalmomin, sannan ya ce bai taɓa ganinka ba, labari ne kawai da ake bayarwa a kasuwa, bai ma san daga ina ya fito ba. Ban iya gaya masa daga bakina ya fito ba. Na nakasa mutum saboda ya maimaita min abin da ni na fara faɗa. Wa zan kai wa wannan?

Abin da ya fi gajiyar da ni shi ne yadda garin ya juya. A kasuwa yanzu matsa min hanya ake yi. Masu dariyar nan su ne ke cewa ashe jinin yana nan. Samari suna sallama a ƙofar gida, wai in buɗe rumfa in koya musu naushin da na yi wa ɗan Nangere. Har wani mai neman kujera ya aiko a tambaye ni ko zan riƙa raka shi taro. Kai ka shekara ashirin kana koyar da abin da ke hana irin wannan, aka sa maka suna. Ni na yi ɓarna ta taku biyu, ana gaishe ni da hannu biyu. Duk na sallame su. Ban san me zan yi da rumfar ba, ban kai in koya wa kowa komai ba. Barci ma ba ya isata. Na rame, Inna tana ta tambaya, ina ce mata aiki ne.

Juma'ar da ta wuce na tarar da Buba shi kaɗai a zaure, an kusa kiran salla, yana fama da buta. Ya matse ta a tsakanin gwiwoyinsa yana karkatawa, ruwan yana zuba a wandonsa. Da ma in na miƙa hannu zan taimaka masa da wani abu kawar da kai yake yi. Na tsuguna na ɗauki butar, ina jira ya ƙwace. Sai ya miƙo hannun daman, na zuba. Na ɗago na hagun da kaina na wanke masa har gwiwar hannu, sau uku. Hannun ba nauyi, Baba, kamar na mara lafiyar da ya daɗe a kwance. Na wanke masa ƙafa. Muka tafi masallaci yana dafe da kafaɗata, muka makara, a waje muka samu sahu cikin rana. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban tambaya ba. Da zan tafi ya ce in zo da wuri sati mai zuwa.

Zan je. Kai kuma ba ni da inda zan same ka in roƙe ka, sai dai in rubuta a nan: ka yafe min, Baba. Abin da ka yi a hanyar gona daidai ne, ni ne ban da hankali.

Hannuna ya gaji, zan tsaya. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya sa ka huta. Sai mun zo.

Ɗanka da bai ji magana ba,
Adamu