Jan Zoɓo da Koren Aljihu

Baban Muhsin,

Na wuce Roni sunan jaririn Asma'u. Mai adaidaita ya zo da wuri, ban so in tashe ka ba.

Albishirinka! Muhsin ya kwana bai yi susa ba, ƙurajen wuyansa ma sun fara bushewa. Da alama Sista Veronica ta asibiti ta yi gaskiya da ta ce mu daina ba shi kayan kala mu gani, irin ƙanƙarar leda mai shuɗi da alawar nan mai rina harshe.

Amma don Allah, zoɓon da ka zubar min jiya ba ya cikinsu. Na san jansa ne ya tsorata ka, to da shi ya fito daga gonar Inna a Gwiwa, babu wanda ya zuba masa komai. Na sake dafa wani da citta, yana gindin randa. In yaron ya tashi ka ba shi da ƙosai. Manjan ma ka fito min da shi daga inda ka ɓoye.

Af, na wanke farar shaddarka. Alawar da kake sayo masa a ɓoye ta narke a aljihu, ya koma kore shar, sabulu ya ƙi fitar da shi. Na shanya maka ita daidai ƙofar ɗaki, aljihun a waje. Ka kalle shi da kyau kafin ka biya wurin mai tireda yau.

Taka,
Mu'minat