Na Ce wa Yayana Jirgin Zai Tsaya a Kabarin Baba

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin a sakaya sunana. A Babura an san ni, ni ke ba mutane shawara ko ba su tambaya ba, amma yau don Allah ku ba ni, bakina ya ja mini.

Wajen lokacin da aka samu mulkin kai Baba ya tashi daga Gwiwa zuwa Makka a ƙasa, ya tafi da yayana, ni ina ƙarama. Suna tafe suna tsayawa ƙodago a gonakin mutane, har ciwo ya kwantar da Baba a wani ƙauye cikin Sudan. Yaya da hannunsa ya binne shi, ya juyo gida bai ga Ka'aba ba. Ni kuwa da kuɗin mai ya shigo ƙasa, maigidana ya samu a hatsi, ya biya mana kujera. Na karya kumallo a Kano, kafin magariba ina Jidda. Tafiyar da ta ci Baba, ni a zaune na yi ta.

Bana ɗana ya biya mana umara ni da Yaya, Yaya ya ce ba ya zuwa, wai ba zai bi ta saman mahaifinsa kamar shirwa ya wuce babu sallama ba. Na yi faɗa, na ce rigimar tsufa ce, ya kafe a kan bakansa. Da na ga ranar tana matsowa sai na ce ai jirgi yana sauka Sudan shan mai, ana barin mutane su yi ziyara. Ya ce, "Hajiya, kin tabbata?" Na ce wa ya taɓa hawa, ni ko kai? Ya yarda, don a ɗakinmu ni kaɗai na yi yaƙi da jahilci, ko da yake da jikoki na koya.

Jama'a, jirgin nan ba ya tsayawa ko'ina. Daga Kano sai Jidda, awa biyar ma ba ta cika ba.

Jiya na je Gwiwa na tarar ya cika gora da ruwan rijiyar gidanmu, zai yayyafa a kabarin. Yana ta nanata mini alamar wurin, wata aduwa gabas da masallaci. Ya ce, "Ki tsaya kusa da ni in nuna masa ke, ya bar ki ko zani ba ki iya ɗaurawa ba."

In na faɗa masa zai fasa, kuma a shekarunsa ban ga wata damar ba. In na yi shiru, tun a filin jirgi za a karɓe gorar, don ba a barin mutum ya shiga da ruwa a hannu. Ɗana ya ce a bar shi, in ya ga Ka'aba zai huce, amma shi ba kusa da Yaya zai zauna ba, ni ce.

Asabar za mu tashi. In gaya masa tun yana Gwiwa, ko in bari sai muna sama ya juyo ya ce, Hajiya, mun kusa Sudan?